Rigar Yaya Ta Je Garwa Ta Dawo

Mun tashi da asuba daga Mubi, ni da Mama da kawunmu, a bayan a-kori-kura mai bi ta Sahuda. Garwa muka nufa, cikin Kamaru, inda za a yi wa yayana shari'a. Tun tsakiyar damina jandarmomin ƙasar suka kama shi da bindigar toka. Birai ne suka addabi masararsa, ya bi su har ya tsallake rafin da muke wanka a ciki muna yara. Ashe wancan gefen ƙasar wasu ce, kuma riƙe bindiga ba takarda a can babban laifi ne.

Mama na rungume da ƙullin rigarsa ta zuwa coci, ta sha wanki da guga. Ta rantse ɗanta ba zai shiga gari da kayan fursuna ba.

Hanyar duwatsu ta jijjiga mu son ranta. A garin Gidar muka tsaya shan shayi, mai shayin ya juya nairarmu yana yatsina fuska kafin ya karɓa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, har Kawu ya ce da shi ya kamata Yaya ya kori biran. Muka yi dariya, ban da Mama.

Washegari muka shiga kotu. Da aka shigo da shi, sai da na ga tabon goshinsa sannan na yarda shi ne, don ya rame ƙwarai. Kewarsa ta taso mini yana tsaye a gabana. Alƙalai cikin baƙaƙen riguna suna ta zuba Faransanci, tafinta na jefa masa guntu-guntu da Fillanci.

Mu a gida, in magana ta kai gaban mai gari, dattijo ke tashi ya ba da haƙuri, a yi wa mai laifi faɗa, kowa ya koma gona. Dalilin zuwa da Kawu ke nan. Ya miƙe, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, yaron nan nawa ne. Biri ne ya jawo..."

Wani jandarma ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Ban taɓa ganin Kawu ya ƙanƙance haka ba.

Can alƙali ya tattara takardu. Tafinta ya ce hukunci sai an yi nazari, za a sa rana. A bakin ƙofa Yaya ya waiwayo.

"Mama, kun cire masara?"

"Tana nan tana jiranka," in ji ta. Alhali birai sun cinye rabi.

Da muka sauka a Mubi, maƙwabta suka fito suna leƙen bayanmu, suna neman na huɗu. 

Tafiyar nan ta koya mini cewa ƙasarka na iya ƙarewa a bakin rafin da ka saba, kuma daga can girman dattijonka ba ya aiki. Na miƙa hannu zan mayar da rigar akwati, Mama ta riƙe ƙullin.

"Bar shi a ɗaure. Da shi za mu koma."