Baba Lawali, mai barin taga a buɗe

Baba Lawali ya rasu. Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ina jiran tram, jirgin ƙasan cikin gari, a Bobigny da ke gefen Paris. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yan Lyon, kun san shi a ido ko da ba ku san sunansa ba. Dattijon nan ɗan Damagaram, siriri, mai baƙar hula, da ke zama sahun baya a masallaci, ana sallamewa ya fice. Aikinsa wanke cikin jiragen ruwan shaƙatawa da masu hali ke ɗaurewa a bakin kogin Saône.

Shekarata ta farko ina karatu a Villeurbanne, nan gefen Lyon, kaɗaici ya kusa haukata ni. Wata Asabar ina yawo a bakin ruwa, sai na ji rediyo na Hausa daga cikin wani jirgi. Na yi sallama. Wani kai ya leƙo ta 'yar taga, da tsumma a kafaɗa.

"Ɗan ina?"

Na ce Maraɗi.

"To, Allah shi kyauta. Cire takalmi ka shigo."

Shi ke nan, na samu wurin zuwa. Ya zuba mini shayi daga fulas, ya miƙo mini tsumma, wai ba a hira da shi hannu sake. Injiniya yake kirana tun ban ci jarrabawa ko ɗaya ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa: ruwan ɗumi, ɗan sabulu, binegar, da tsohon burushin haƙori da yake bin gindin famfo da lungun ƙofofi da shi. Mariƙin tagulla kuwa sai ya goge shi har ka ga fuskarka. Amma babban aikin sai zai tafi. Ya tayar da katifun kujeru tsaye, ya bubbuɗe kabad, ya cusa tsumma a bakin firiji don kada ya rufe, ya ɗan sassauta taga guda.

Yakan ce, "Datti ba ya kashe jirgi, Injiniya. Ka rufe shi ruf ka tafi, ka dawo ka ga aikin funfuna."

Ko ruwa ake ko ƙanƙara, duk mako sai ya zagaya su ya ga sun sha iska.

Wata tsohuwar Bafaranshiya da yake kula da jirginta ce ta kira ni. Ta ce sun fita da jikokinta, suka dawo ta rufe komai ta tafi, don ta san zai zo. Da ta koma sai ta tarar da jirgin yadda ta bar shi. Katifu a kwance, kabad a rufe, warin danshi ya fara. Ta ce nan take ta gane bai zo ba. Ta buga wayarsa ba a ɗauka ba, ta sa 'yan kwana-kwana suka fasa ƙofar ɗakinsa a unguwar Vaulx-en-Velin. Ya kwana biyu da cikawa.

Ba maƙwabci ba ne ya lura, ba kuma ɗaya daga cikinmu ba. Warin jirgi ne ya faɗa. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Na tambaye ta ina ta samu lambata. Ta ce ta taɓa neman lambar wani nasa, ko da wani abu zai faru, ya ba ta tawa ya ce ɗansa ne. Ni ban taɓa sani ba sai yau.

Ganina da shi na ƙarshe, na je Lyon ne da aiki na biya. Yana durƙushe yana goge ƙarƙashin tebur, numfashinsa na fita da ƙyar. Na tsokane shi, na ce Baba duk shekarun nan ko sau ɗaya an taɓa zagayawa da kai kan ruwan? Ya yi dariya har da tari.

"Ni da ban iya iyo ba? A ɗaure nake son su."

Na ce to wa ke leƙa ka a gida? Ya ce jiragensa sun ishe shi hira. Ya rako ni har tudu, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Can Paris ɗin, ka riƙa buɗe taga."

Yau zan hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Can za a rufe shi. Ba shi da kowa a ƙasar nan, 'yarsa guda tana Damagaram. Ɗazu na yi waya da ita, tana kuka, abu ɗaya ta tambaye ni: "Yaya, akwai masu yi masa salla?"

Na ce mata akwai, da yawa.

Don Allah kada ku mai da ni maƙaryaci. Ina neman maza da za su taya ni wanka, da duk wanda zai iya tsayawa a sahu. Da zarar asibiti sun ba mu shi zan sa lokaci da wuri a ƙarƙashin wannan rubutu.

Allah ya jiƙan Baba Lawali, ya wanke shi tas daga kurakuransa, ya yalwata masa kabari, ya buɗe masa taga yana shan iskar Aljanna. Wanda duk ya karanta, ko bai san shi ba, ya ambaci sunansa a addu'arsa ta yau.