Sulalla Uku Masu Jijiya

Babana maƙerin azurfa ne a Roni, zamanin da kwabo ke da huji. Yana da wata ɗabi'a da har mu 'ya'yansa muke yi wa dariya: tara kuɗin da suka fito da aibi daga wurin bugu. Kwabon da hujinsa ya karkace, aninin da ba a huda ba sam, duk yana adana su cikin wani tsohon tandu. Ba ya kashewa. So kawai yake yi.

Ya taɓa nuna mini bambancinsu da jabun kuɗi. Jabu zuba shi ake yi, fuskarsa gurje-gurje kamar bangon da ba a yaɓe ba. Na gaske kuwa buga shi ake yi da ƙarfen hatimi, in ƙarfen ya tsage sai siririyar jijiya ta fito a kan kowane kuɗin da ya buga. Yana da sulalla uku masu jijiya a wuri guda, ɗaya daga kasuwar Gwiwa, biyu daga Babura. Su ya fi ji da su.

Shekarar da jabu ya cika kasuwanni, wani maƙwabcinmu ya kai ƙara cewa maƙeri na ɓoye da baƙin kuɗi. Aka tafi da shi gaban alƙali. Lokacin ina da aure har da goyo, na bi su na tsaya a bakin zaure.

Babana, da gaskiyarsa, ya jera sulallan nan uku.

"Allah ya gafarta malam, a duba jijiyar. Wuri ɗaya take. Ƙarfensu ne ya tsage can inda aka buga."

Alƙali ya ɗaga su, ya jujjuya, ya ce, "Injin Bature ba ya kuskure. Tunda iri ɗaya ne, hannu ɗaya ya zuba su. Ga kuma maƙeri."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutumin da bai san zafin maƙera ba, shi zai koya wa babana ƙarfe? Dattawan unguwa na zaune, duk sun san tandun nan shekara da shekaru, babu wanda ya buɗe baki. Haushinsu na fi ji.

Wata shida babana ya yi a tsare. Ya dawo, ba wanda ya sake kawo masa ko zobe. Noma ya koma har ya rasu.

Ni kuwa ƙuli-ƙuli nake sayarwa. Har aka daina kashe sule, in na miƙa wa mutumin garinmu canji, sai ya buga shi a kan dutse a gabana ya saurara, ya ji ko jabu ne.