Tabarmar Hantsi

Duk sa'ad da man kaɗanya ya narke a tafin hannuna sai in tuna tabarmar Kaka, raina ya sosu. Kishi ne, ba zan ɓoye muku ba.

Gidanmu na haya a Sabon Gari ɗakuna ne jere suna kallon juna. Rana ba ta sauka tsakar gidan sai da hantsi, a ɗan lungun da ke gefen rijiya. Nan Kaka ke shimfiɗa tabarma, in haye cinyarta tana shafe ni da mai, tana tsokanata wai ƙafafuna kamar sillen kara. Wurina ne, kowa ya sani.

Sai Gwaggo, ƙanwar babana, ta dawo gida bayan jaririnta ya koma. Ta shige ɗakin ƙurya ta toshe taga da zane. Ba ci, ba magana, barci da rana, dare kuwa ido biyu. Matan coci suka zo yi mata addu'a a ɗakin, Kaka ta tare ƙofa.

"Addu'a dai a yi ta, amma a waje. Ko dawa aka shuka a ɗakin nan ba za ta tashi ba."

Daga ranar, kowace safiya Kaka ke jawo Gwaggo tana tirjewa har kan tabarmar. Damina ce, rana tana rowa. Da ta leƙo sai a ce in matsa inuwa. Mace da girmanta, kanta a cinyar Kakata! Na cika na yi fam.

"Kaka, ai ni na riga ta."

"Ke ranarki tana cikinki, ja'ira. Ita tata ce ta faɗi."

Kafin a ci sabuwar masara Gwaggo ta fara barcin dare, ta nemi ƙarin koko. Ran nan ma ta ga bakina a zumɓure ta kwashe da dariya. Gida ya yi ta murna, ni haushi ya ƙara kama ni.

Yanzu a Samaru nake, Kaka ta daɗe da rasuwa. Bara da na rasa maigidana, ni ma na saki labule na daina ɗagawa. Likita ta ce in riƙa zama a hantsi, kamar wani sabon labari ta ba ni. Ina fita. Rana ta cika farfajiyar gidan, ba mai ce mini in matsa. Amma ni nake jan kaina zuwa ƙofa. Har yau ina kishin Gwaggo, don ita akwai wadda ta riƙo hannunta.