Alkunyar da Ta Ci Kujerata

Na daɗe ina aikin magatakarda a wata kotu a Gaya. Idan mutum bai gamsu da hukunci ba ya ɗaukaka ƙara, ni nake kwafe shari'ar da hannuna tun daga farko, in ɗaure ta da zare, in hau mota in kai Kano. Wannan kai-kawon shi ya ba ni ƙima. Manoman ƙauyukan Balan da Kademi zaurena suke zuwa bayan la'asar, su ji ko takardarsu ta isa gaban manyan alƙalai. Ni kuwa sai in gyara murya, in ɗan ja musu rai kafin in ba su amsa.

Ana nan sai aka zo da tsarin gwaji. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce za ta gwada karɓar shari'u ta kwamfuta, kuma tamu na cikin waɗanda aka zaɓa. Wata jami'a ta zo daga birni ta ce mutum ɗaya za a horar. Alƙalinmu ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne babba."

Kowa ya san ba a cafke tayi a karon farko. Ko tuwo aka yi maka bismillah, ai sai ka ce alhamdulillahi, sai an nanata. Don haka na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya gafarta Malam, a duba na baya." Ina jiran a ce a'a, kai ɗin dai. Kafin alƙali ya buɗe baki, jami'ar ta ce madalla, ta juya ta tambayi na bayan sunansa.

Na bayan nan kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina daga Toranke, wanda ni na koya wa huda takarda. Shi ko alkunyar bai yi ba. Har da gyara hula.

Ya je birni ya dawo, aka kafa masa sola, aka ba shi fanka da kujera mai juyawa. Ƙyashi na yi, ƙyashi mai hana cin abinci. Ranar da sabis ya ɗauke, ya wuni yana ɗaga waya sama kamar mai korar kaji, ranar ce na ci tuwona har da ƙari. Shi kuma wasan taubasantaka ya ba shi damar yi mini ba'a ba mai hana shi.

"Yaya, miƙo takardun in ɗauke su hoto," in ji shi. "Ka huta da hayaƙin mota, tsufa ya zo."

Sai in yi dariyar yaƙe in miƙa. Aikina bai tafi ba, albashina ma yana nan. Zaurena ne ya fara yin shiru, ni kuma ina cewa damina ce ta riƙe mutane a gona.

Wata ranar Juma'a wani dattijo daga Kademi ya yi sallama. Rigimar iyakar gona yake yi da 'yan'uwansa, kuma tun farkonta wurina yake zuwa. Daɗi ya rufe ni. Na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa aka kawo fura. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sha ya yi hamdala. Na gyara zama ina jiran tambaya.

"Malam," ya ce, "an ce ɗan'uwan naka ya kama gida a unguwar nan. Da za ka nuna mini, in ji inda maganata ta kwana."

Baƙo ne kuma dattijo, ba a yi masa kwatance da baki. Na saka hula na raka shi. Da muka isa ya ce mu shiga tare, na ce ina da uzuri. Daga ƙofar zauren nake jin muryar taubashina yana ja wa wani rai. A bakin ƙofa takalma ne a jere, kuma babu wanda ban san mai shi ba.