Muryar Kakata a Bakin Mayya

Akwai ranar da har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa, kuma ba na jin zan manta da ita har in bar duniya. Ranar ce na ji muryar kakata tana fitowa daga bakin mayya a cikin wasan bidiyo, a gaban jama'a, ana ta dariya.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, nan aka haifi mahaifiyata ma. Da aka rusa unguwar muka watse, kowa ya nufi inda ya samu haya. A lokacin ina tsaron shagon atamfa na kawuna a kasuwar Bab Makka, in babu ciniki sai in buɗe kwamfuta ina koyon haɗa wasa da wata manhaja ta kyauta, irin wadda za ki gina gida a ciki, ki sa mutum ya yi tafiya, ki rubuta masa 'yan umarni. Ina da ƙawa 'yar Chadi da Allah ya ba ta hannun zane. Ita ta ce mu gina lungunmu a cikin wasa tun kafin mu manta fasalinsa.

Muka gina shi kuwa. Shuɗiyar ƙofar gidanmu, tankin ruwan da ke yoyo, mai tsire da hayaƙinsa a bakin kwana, duk muka saka. Wasan ba ci ba faɗuwa. An aike ki da kwanon abinci gidan maƙwabta, kina tafe kina gaisawa da mutane, shi ke nan. A ƙarshen lungun muka zana tsohuwa zaune a bakin ƙofa, na je na ɗauko muryar kakata, wadda muke kira Sitti. Na ce ta faɗi abin da ta saba faɗa in ta ji motsi a zaure. Ta yi dariya ta ce, "Wa ke nan? Shigo mana, ƙofa a buɗe take. Kin ci abinci kuwa?" Har dariyar na bari a ciki.

Muka sa wasan a intanet kyauta, da zanensa da sautinsa da komai, don mu ma da aikin waɗanda suka bar nasu a buɗe muka koya. 'Yan unguwarmu suka riƙa turo saƙon murya, wasu na kuka.

Bayan wasu watanni aka yi baje kolin masu haɗa wasanni da kansu a wani zaure can arewacin Jidda. Kallo kawai muka je, ni da ƙawata. Muna zagayawa ta riƙe hannuna ta nuna min wani babban allo da mutane suka yi wa layi. Lungunmu ne. Ƙofar nan, tankin nan, ko tsagewar bango ba a canza ba. Amma an dusashe hasken, an zuba shara ko'ina, maƙwabtan da muka zana suna gaisuwa an yi musu jajayen idanu suna bin mai wasa da gudu, shi kuma yana harbe su. Da ya kai ƙarshe sai ga tsohuwar, an ja mata haƙora da farata, ta buɗe baki. Muryar Sitti ce, an ja ta ta yi kauri, tana cewa a shigo, ƙofa a buɗe take. Dariyarta ta biyo baya. 'Yan kallo suka yi ihu suna tafi.

Ban san lokacin da na isa gaban wanda ya haɗa wasan ba. Wani mutum ne mai ɗan kamfaninsa, yana tsaye yana raba murmushi. Na gaya masa da Larabci cewa lungun nan namu ne, muryar kuma ta kakata ce, tana nan da ranta. Ko a jikinsa. Ya ce a buɗe ya tsinci kayan, mu muka ce kowa ya ɗauka, unguwar ma ai babu ita yanzu, wa zai ji ciwo? Na tambaye shi ko ya san abin da tsohuwar ke faɗa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba wanda ke jin yaren nan, ya ukhti, 'yar'uwa. Sautinsa ne ke da ban tsoro, shi nake so. Halas, magana ta ƙare."

Wannan maganar ta fi komai ƙona ni. An ɗauke mana unguwa mun haƙura, yanzu harshen da aka yi mana waƙa da shi a goye ya zama kukan dodo. Ƙawata tana jan abayata tana raɗa min cewa in tuna iƙama gare mu, takardar zaman baƙi, mutumin nan kuwa ɗan ƙasa ne, kada in ja mana magana. Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma na kasa tafiya.

Ban ɗaga murya ba. Na ciro wayata na nemo bidiyon ranar da na ɗauki muryar, Sitti zaune a kan darduma tana gyara ɗankwali tana dariya. Na bi layin ina nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya, ina fassara musu abin da take cewa. Wata budurwa da ke tsakiyar wasan ta kalli wayar, ta kalli allon, ta tambaye ni, "Abinci take yi min tayi?" Na ce e. Ta ajiye abin wasan ta tashi. Layin ya fara raguwa, wasu masu wasanni na kusa suka zo suka tsaya tare da mu, har mai kula da zauren ya iso ya sa aka kashe allon.

Kada a ɗauka mun yi nasara. Ya cire muryar daga baya, ya sa gurnani a madadinta, amma lungun yana nan a wasansa, ana harbin maƙwabtanmu har gobe. Haƙuri kuwa bai taɓa ba mu ba. Da na ba Sitti labari ta ce, "Ni da na ciyar da rabin lungu, yau ni ce mai cin mutane?" Ba ta sake zancen ba har ta rasu.

Ban daina haɗa wasa ba, ban kuma daina barin aikina a buɗe ba, don akwai masu koyo da zuciya ɗaya. Sai dai yanzu fuskar mutanena da muryarsu ba sa fita sai da sharaɗi a rubuce. Abin da ranar ta koya min shi ne, mutumin da bai ɗauke ki mutum ba, ko tayin abinci kika yi masa barazana zai ji. Kuma in aka ɓata naki a gabanki, ki yi magana a wurin, don in kin yi shiru labarin da ya ƙirƙira shi zai zauna a matsayin gaskiya.