Basillar Yaya Hajara

Shekara tara ke nan da muka raka Yaya Hajara makwancinta, amma har yau in na bi ta kasuwar Terminus a nan Jos na ga buhunan dankalin turawa a jere, manya-manya a baki suna sheƙi kamar an wanke su, sai zuciyata ta ce, to me ke ƙasa? Wannan tambaya gadonta na yi. Ni ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, sana'ata ɗinki, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san ba mu da saurin yarda. Kakanmu da ya zo Jos aikin kuza, an ce ko ruwa aka miƙo masa sai ya leƙa cikin kofin kafin ya kai baki. Amma a cikin jikokinsa babu wanda ya kamo ƙafar Yaya.

Ba da son ranta ta shiga kasuwanci ba. Mijinta, Malam Idi, yana da rumfar yadi a babbar kasuwa, gobarar 2002 ta lashe ta ƙurmus. Bawan Allah ya dawo gida ya zauna, magana ma sai da ƙyar, ga yara huɗu suna kallon tukunya. Yaya ta cire 'yan kunnenta na zinare ta sayar, ta sayi buhu biyu na dankali a hannun wani dillali mai zaƙin baki, da niyyar ta riƙa kasawa a bakin titi kamar yadda waɗanda gobarar ta watso suke yi. Ni na taya ta ɗorawa a baro, don haka ina tsaye aka yanke igiya. Manyan ba su wuce taƙi ɗaya ba. Daga nan zuwa gindin buhu sai ƙanana kamar ƙwan zabo, da waɗanda fartanya ta sare, da ruɓaɓɓu, har da hoge na ƙasa don ƙarin nauyi. Ba ta yi kuka ba, ni ne ma idona ya ciko. Ta daɗe tana kallon tarin, sannan ta ce, “Sule, gobe ka sayo mini basilla da ƙullin igiya.”

Tun daga ranar ba ta sake sayen buhun da ba ta ga gindinsa ba. Za ta shimfiɗa tamfol, ta yanke igiya, ta sa a zazzage har sai ƙurar ƙarshe ta faɗo. Kuma ba ta taɓa karɓar buhun da mai kaya ya jawo mata da hannunsa ba. Takan ce yadda buhu ke da fuska, haka tarin buhuna ma yake da fuska, sai ta nuna na can baya, ko wanda aka danne a ƙasa. In dillali ya fara ƙorafi, “Madam, in kin zazzage wa zai ɗinke?” hannu kawai take sawa a jaka ta zaro basillarta. Da haka ta sami sunan Hajiya Zazzage, tun ma kafin ta je Makka, kuma akwai dillalan da in sun hango mayafinta sai fitsari ya kama su nan take.

Ba zan ɓoye ba, halin nan yana da ciwo, ni ma na ɗanɗana. Wani manomi daga Kuru da na ɗinka wa kayan bikin 'yarsa ya kawo mini buhu guda kyauta, ni kuma na ɗauka na kai mata don in faranta mata rai. A gaban maƙwabtan shagonta ta shimfiɗa tamfol. Na ce, “Yaya, kyauta ce fa.” Ta ce, “Na sani. Ai ba kai ka cika shi ba.” Na yi makonni ban taka shagonta ba. A kasuwa ma ba ta tara ƙawaye ba, wasu na cewa ta cika baƙin rai, wasu na cewa ko inuwarta ba ta yarda da ita ba. Sai dai masu soya dankali da matan da ke dafa abinci a otal-otal, in sun zo wurinta ba sa ko duba abin da aka zuba musu. Da wannan ta tashi daga faranti a bakin titi zuwa shago mai ƙofar ƙarfe, ta yi wa yaranta makaranta, ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina, da tana nan me za ta ce game da kasuwancin yau? Yanzu mutum yana kwance a ɗakinsa zai sayi kaya ya sayar bai taɓa su da hannu ba. A turo hoto a waya, ka ce ya yi, a ce an loda, ka ce Allah ya kiyaye hanya. Ni dai a ganina hoto fuskar buhu ce tsagwaronta, an ma ƙara mata haske. Na tabbata Yaya za ta juya wayar nan ta duba bayanta, ta tambaya ta ina ake zazzage ta.

Abin da ya sa maganar ta zama tawa shi ne Maimuna, autarta. Ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta zaga ofisoshin garin nan har takalminta ya cinye, aiki bai samu ba. Sai ta koma sana'ar uwarta, amma ta waya: tana tura dankali da kabeji da karas zuwa garuruwan da ba su da sanyinmu. Kaɗan-kaɗan take yi, har a daminar da ta wuce wata mai gidan abinci a Legas ta nemi lodi babba, irin wanda Maimuna ba ta taɓa yi ba. Ta haɗa duk abin da ta tara da rabonta na gadon shagon ta zuba a ciki. In kayan suka isa da kyau, ta tsaya da ƙafarta. In suka isa a ruɓe, jari ya tafi, suna ya tafi, kuma babu wasu 'yan kunnen da za a sake sayarwa.

Ana cikin haka sai ga wani dattijon dillali, wai Baba Dauda, ya nemo ta da kansa. Ya ce ya san mahaifiyarta tun tana bakin titi, ya yi ta'aziyyar da ta makara da shekaru, har da share ido da bakin riga. Maimuna ta zo shagona tana murna, ta ce, “Kawu, na dace. Ya ce duk dillalan Jos shi kaɗai ne Umma ba ta taɓa zazzage wa buhu ba.” Ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Matar da ta zazzage kyautar ƙanenta? Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ban tuna na ga fuskarsa a zaman makoki ba. Na faɗa mata haka, sai ta yi dariya ta ce ni kowa ɓarawo ne a wurina. Na ce na ji, amma ranar lodi ƙafata ƙafarta.

Sitonsa yana bakin hanya a Kuru. Tun daga nesa abubuwa suka fara yi mini ƙaiƙayi. Motar da za ta ɗauki kaya an riga an tayar da ita, alhali ba a ɗora ko buhu ɗaya ba. Gaisuwar Baba Dauda ta yi yawa, ya tambayi iyalina har sau uku. An kawo mini kujera da lemo mai sanyi, amma aka ajiye su can gindin bishiya, nesa da ƙofar sito. Na bar lemon na shiga ciki, na ce a buɗe mana ɗaya. Ko gardama bai yi ba, da kansa ya jawo buhu ya sa aka zazzage a ƙasa. Dankali ne lafiyayye tun daga baki har gindi, babu ko ɗaya da za ka kushe. 'Yan dako suka juyo suna kallona. Direba ya leƙo ta taga ya ce, “Oga, lokaci yana tafiya fa, ga hadari ya taso.” Gaskiya na ji kunya, har na fara haɗa kalmomin ban-haƙuri a bakina.

Maimuna yarinya ce mai kawaici, ko musu da babba ba ta iya ba. Na ga ta tsaya tana kallon dankalin, tana kallon dattijon da ya kira ta 'yarsa, tana murza hannun jakarta. Har an ɗaga buhun farko za a kai mota, sai ta ce a hankali, “Baba, a yi haƙuri. A sauko mini da wancan na ƙurya, wanda ke ƙasa.”

Murmushinsa bai gushe ba, amma ya ƙanƙance. Ya ce, “Haba 'yata, ai kin gani da idonki. Mai ɗinki ya tafi gida, in an buɗe wa zai ɗinke?”

Ta zuge jakarta, ta ture waya da caja gefe, ta ciro wani ƙyalle da na gane nan take, yankin zanin Yaya ne mai ruwan ganye. Ta warware shi, sai ga basillar, ta ɗan lanƙwashe a tsakiya kamar yadda na san ta. Lokacin rabon kaya na neme ta na rasa, har na zargi masu share shago da ɗauke ta. Ashe tana hannun yarinyar nan duk shekarun nan.

Buhun ƙurya bai ba mu mamaki ba. Manya a baki, sannan ƙanana da koraye da sararru, ƙasan kuma har ya fara wari. Na biyu ma haka. Baba Dauda ya dafe kai ya ce aikin masu cika masa buhu ne, shi bai sani ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, ni dai ban saya ba. Maimuna ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka zazzage duka, aka zauna tsinta, ta ɗauki mai kyau ta bar masa sauran. Ta kira matar Legas ta gaya mata kayan za su makara kuma ba za su cika ba, ta nuna mata tarin a waya daga sama har ƙasa. Matar ta yi faɗa sosai, amma daga ƙarshe ta ce a turo. Ruwa ya sauko ya same mu muna ɗinke buhuna, ita da basillar uwarta, ɗinkin nata a karkace, ni ina bi ina gyarawa.

Za mu tafi ke nan, Baba Dauda ya rako mu bakin mota, ya girgiza kai ya ce, “Kai, wannan yarinya. Haka mamanki take mini kowane sati.” Wato ya san ta da gaske, wato kuma ƙarya ya shimfiɗa mana tun ranar farko. A hanya na ce wa Maimuna kada ta kuskura ta sake taka sitonsa. Ta ce, “Kawu, dankalinsa mai kyau ai mai kyau ne. Umma ma komawa take yi, da tamfol ɗinta.” Haka ne kuwa. Yaya ba ta taɓa yanke hulɗa da mutum don ta kama shi ba, tana dai ƙara nisan buhun da za ta nuna.

Shagon Yaya yanzu wani ne a ciki yana sayar da kayan waya, allon sunanta ma an cire. Dillalan da ke gudunta da yawa sun bi ta, saura sun tsufa. In an tambaye ni me ya rage nata, ba zan ce dukiya ba, ba kuma zan ce farin jini ba, don ba ta nemi wannan ba. Na yi kewarta, har da ranar da ta kunyata ni a gaban mutane. Allah ya jiƙanta, ya sa abin da ke ƙasan nata buhun ya fi na sama kyau. Maimuna za ta koma Kuru ranar Asabar, kuma ta aiko in sayo mata ƙullin igiya.