Sunan da na sa a bakin ɗana

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina sayar da atamfa a gidan haya a unguwar Jambutu, nan Garwa ta Kamaru, kuma ni mace ce da ba ta son a ce mata ba a san dalilin abu ba. Ɗana na fari bai daɗe da shiga lekol ba, wato makarantar boko, ya fara firgita cikin barci. Yakan zabura ya zauna, ido buɗe, yana kurma ihu, yana ture ni kamar bai san ni ba, can kuma ya koma ya kwanta. Lokacin zafi ne, kowa a tsakar gida yake kwana, don haka babu wanda bai ji ba. Da safe sai ya tashi garau yana neman kunu.

Matan gidan suka ce kamun maye ne, kuma wanda aka kama shi ke kiran sunan mai kamun. Sai na sa yaron gaba. Kullum in tambaye shi wa ya gani, kullum ya ce bai ga kowa ba. Na ƙi yarda. Na shiga jero masa mutane ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da kindirmo, wadda ke ɗakin bakin ƙofa, take kuma ba shi kyauta. Ya gyaɗa kai, ina jin don in ƙyale shi ya tafi wasa.

Aka tara mutane, aka ce ta tsallake yaron, yadda ake sa maye ya yi don ya saki kurwa. Ba ta yi musu ba. Ta ce da Fulatanci in hakan zai ba jikanta lafiya ba komai, don haka take kiran yaron, ta tattare zaninta ta tsallake. Daga ranar babu wanda ya sake sayen kindirmonta. Kafin damina ta kwashe ƙorenta ta koma wajen danginta can Maga.

Firgitar kuwa ba ta fasa ba. Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya mini abu ne sananne ga ƙananan yara, musamman in barci bai ishe su ba. Ta ce kada in tashe shi, in dai tsare shi kada ya bugu, in riƙa kwantar da shi da wuri, in kuma daina tambayarsa, don ba ya tuna komai. Na bi, abin ya yi ta raguwa har ya bari.

Iyaye 'yan'uwana, yaro in kun matsa masa zai ba ku amsar da kuke so, magana kuwa zarar bunu ce. Ku fara da asibiti kafin ku nuna mutum da yatsa. Ni ina nadama, amma tsohuwar ta rasu ban nemi gafararta ba. Ɗana ya girma bai san an yi ba. Kwanan baya ya tambaye ni me ya tayar da kakar nan tasa mai kindirmo daga gidan, ya ce ita ya fi so.